Kunnen Aro

Kwanaki da yawa na aikin nan sun bi ruwa, ko an tsare ni da bulala ba zan iya kawo su ba. Amma ban taɓa mantawa da wata Talata ba, bayan an gama yankan hatsi, ranar da na zauna ni kaɗai a situdiyon rediyonmu na Tanut da egalizar uku a gabana, ina neman wanda zan zaɓa. Ku da kuka shigo aikin bayanmu kuna yawan tambayata wanne ne ya fi kyau a cikinsu. Nakan ce ku samu wuri ku zauna tukuna, domin amsar tana da labari, kuma labarin ba mai daɗin faɗa ba ne a wurina.

Sunana Lawali, mutumin Damagaram ne ni. A lokacin shekarata goma sha shida ina teknisiyan a rediyon al'umma. Ga wanda bai san tsarin irin wannan rediyo ba, a sama akwai kwamitin gari, sai direkta, sai masu gabatar da shirye-shirye na Hausa da Tamajak da Fulatanci. Yawancinsu manoma ne ko malaman lakwal, wato makarantar boko, su zo su yi awa ɗaya su koma harkar gabansu. Teknisiyan kuwa ɗaya ne tak. Shi ke tada inji, shi ke ɗaukar murya, shi ke haɗa sauti, shi ke hawa ƙarfen antan, wato eriyar tasha, in iska ta karkata shi. In abu ya rikice masa ba wanda zai juya ya tambaya. Iyalina suna Damagaram saboda karatun yara, ni kuma ina wani ɗaki a bayan rediyon, daga ni sai katifa sai butar shayi. Sau ɗaya a wata nake zuwa gida, sauran kwanakin ni da injuna ne.

Bari in yi bayanin egalizar ga wanda ba ɗan sana'a ba. Kowane sauti da kunne ke ji yana da ƙasa da tsakiya da sama. Ƙasan shi ne kauri, irin na babbar ganga ko muryar dattijo. Tsakiya nan magana take zaune. Saman shi ne kaifi, irin ƙarar zobe a bayan ƙwarya, ko ɗan sautin sss da ke fita tsakanin haƙora in mutum yana magana. Egalizar shi ne abin da ake ƙara wani sashe da shi a rage wani, yadda mai miya ke yi da gishiri da yaji. Da can akwati ne na ƙarfe mai maɓallai. Yanzu ɗan ƙaramin abu ne da ake sauko da shi daga intanet a dasa shi cikin ordinatar, wato kwamfuta, shi ne ake kira fulogin. Ga su nan birjik, na kyauta da na saye, kowane mai shi yana rantsuwa nasa ne ya fi.

Ni kuwa a wancan zamani ina ji da kunnena. Mawaƙan yankinmu na Damargu daga Belbeji har Falanko wurina suke zuwa a ɗauki waƙarsu a zuba musu a ɗan katin da ake sawa a salula. Har cika baki nake yi a wurin shan shayi cewa in sauro ya gifta gaban mikuro zan faɗa maka namiji ne ko mace. Na koyi aikin ne a shekarun da ba mu da kuran mai tsayawa, wato lantarki, gurup ne, injin ba da wuta, ke ruri a bayan situdiyo daga safe har rufe tasha, bango ɗaya tsakaninmu. Don in ji abin da nake yi sai in ƙure ƙarar kaski, wato abin sawa a kunne, in wuni da shi a haka. Ina ganin wannan jarumta ce.

Ƙorafi ya fara ne a hankali, kusan shekara guda kafin ranar da nake ba ku labari. Wata mai fura ta gaya wa mai gabatar da shirin mata cewa waƙoƙinmu sun koma suna tsikarar kunne. Na ce rediyonta ne na banza. Sai wani makiyayi daga Tenhiya ya shigo ranar kasuwa, ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofa, ya nuna mini yadda yake naɗe ɗan rediyonsa da gefen rawani kafin ya iya sauraronmu. Ya ce in ya kamo wata tashar ba ya bukatar haka. Na ba shi shayi, na yi masa dogon bayani a kan batir da iska da nisan antan, ya yi godiya ya tafi, amma ko makaho ya san bai gamsu ba. Ni kuma in na sa kaski na saurari abin da suke kuka da shi sai in ji shi garau, har ma in ga kamar kaifin bai isa ba, in ɗan ƙara.

Akwai wasu abubuwa da ya kamata su farkar da ni. Matata Hadiza ta fara cewa in ta kira ni a salula sai ta maimaita magana sau biyu kafin in amsa. Na ce rezo ne, layin waya ba shi da ƙarfi. Na lura da damina gyare ya daina kuka a bayan ɗakina, na ce feshin maganin fara ne ya kashe su. Mutum in ba ya son ganin abu, dalili ba ya ƙare masa.

Ranar Litinin direktanmu Malam Isufu ya kira ni biro, wato ofishinsa. Ƙanena ne a shekaru, mutum mai kunya, in zai faɗa maka magana mai nauyi sai ya riƙa gyara takardun da ba su karkace ba. Ya ce gobe wata ƙungiyar mata za ta zo daga Falanko a ɗauki waƙoƙinsu na kaka. Mazansu da ƴaƴansu suna Libiya da Aljeriya wajen nema, suna son a watsa waƙoƙin a rediyo, a kuma aika musu ta salula. Daga nan ya ce:

"Malam Lawali, kwamiti ya zauna a kan maganar ƙorafin nan. Sun ce in wannan ma ta fito da tsini, a kira teknisiyan daga Damagaram ya duba komi, daga mikuro har antan."

Na san abin da komi ke nufi. Wanda aka kira ya duba injuna, zai duba mai injunan. Shekara goma sha shida ba wanda ya taɓa zama a kujerata, kuma da kujerar nake ciyar da gida. Nan take na ce masa laifin tsohon egalizar ne, ya tsufa, zan sauya shi. Da gaske nake, na yarda da abin da na faɗa. Ya ce to, in kawo masa rapor, wato rahoto, a rubuce ranar Juma'a, wanda na zaɓa da dalilin zaɓarsa, kamar yadda ƙa'ida take ga duk sabon abin da za a dasa a ordinatar ta tasha.

Da la'asar na ɗauki ƙaramar ordinatar na tafi gindin wata bishiya kusa da ma'aikatar magajin gari, inda rezo ya fi ƙarfi. Na zauna ina kallon layi yana rarrafe har na sauko da guda uku. Na farko kwaikwayon tsohon akwati ne, maɓallai huɗu kawai, ba ya nuna maka komi, kunnenka ne alƙali. Na biyu na kyauta ne, yana zana maka hoton sautin yana motsi, kauri a hagu, kaifi a dama, da lambobi a ƙasa daga ashirin zuwa dubu ashirin. Na uku na saye ne da suka ba da gwajin ƴan kwanaki, shi kuma da kansa yake sauraro ya yi gyara, kai dai ka danna ka naɗe hannu. Ba ni da wanda zan yi shawara da shi. Abokan da muka yi horo tare tuni wasu sun bar aikin, wasu lambobinsu sun daina shiga.

Talata da hantsi matan suka iso, su tara, da ƙwarya uku. Shugabarsu Inna Dije, tsohuwa ce gajera mai goro a kunci, ta girme ni da fiye da shekara ashirin. Ita ke ba da waƙa, sauran su amsa, masu ƙwarya suna kiɗa da zobba a yatsu. Na jera mikuro, ɗaya gabanta, ɗaya tsakiyar ƴan amshi, ɗaya ƙasa wajen ƙwarya. Kafin azahar mun ɗauki waƙa huɗu. Matan suka shiga gari sayayya kafin motarsu ta tashi. Inna Dije ta ce gwiwoyinta ba su da alƙawari da kowa a gari, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ƙofar situdiyo ta zauna.

Na rufo ƙofa na fara gwaji. Ga yadda ake yi, ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Ka yanki guntun waƙa guda, kamar na rabin minti, shi za ka riƙa maimaitawa a kan kowane fulogin. Ka daidaita ƙararsu ta zama ɗaya, domin wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke cewa ya fi daɗi, ko da ƙarya yake. Sai ka gyara, ka kashe shi, ka kunna, ka ji bambanci. Da na farko na fara, mai maɓallai. Na murza maɓallin kaifi, ban ji ya isa ba, na ƙara, na ƙara, sai da ya kusa ƙurewa sannan waƙar ta buɗe mini. Na ji daɗinsa ƙwarai. A zuciyata na riga na zaɓa, sauran biyun don cika rapor kawai zan taɓa su.

Na bar gyaran da na yi yana aiki, na ɗora na biyu a bayansa, mai hoto. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Gefen dama ya tashi sama tsololo, yana tsalle da kowane bugun ƙwarya, ya fi muryar Inna Dije kanta tsawo. Na ce wannan na kyautar ba shi da hankali. Yana da wani maɓalli da ke ware sashe guda ka ji shi shi kaɗai, sai na ware daga dubu shida zuwa sama don in kama shi da ƙarya. Hoton yana ta tsalle, allurar ƙara tana kaɗawa har tana taɓa ja. A kunnena kuwa shiru, sai wani ɗan zuu da na saba ji a kaina in wuri ya yi tsit.

Na sauya kaski. Haka. Na sauya waya, na sauya ramin da ake cusa ta, na kashe ordinatar na sake tada ta. Haka dai. Na buɗe ƙofa na ce wa Inna Dije don Allah ta ɗan shigo ta taya ni jin wani abu. Ta taso tana dafa bango, na ɗora mata kaskin a kan ɗankwali, na danna. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ta fizge shi daga kunnenta.

"Kai ɗan nan, rage mini. Zobbanmu ne ai, ƙas-ƙas-ƙas, kamar za su huda mini kai."

Na karɓa na mayar a kunnena, ban taɓa komi ba. Shiru. Tana tsaye tana kallon fuskata, ni kuma ina kallon hoton yana tsalle. Na buɗe baki zan ce kaskin ne, sai na tuna yanzu ta cire shi daga kanta.

"Ba ka ji ba ko?" ta ce a hankali.

Na cire kaskin na ajiye a kan tebur, ta ci gaba:

"Ɗazu da muna waƙa na kira ka sau uku ta bayanka. Na zaci aiki ne ya sha maka kai."

Ta koma tabarmarta. Da matan suka dawo na ji suna tambayarta ko waƙar ta yi kyau, ta ce musu malam yana kan aiki, su bar shi. Motarsu ta tashi, tashar ta koma tsit. Na daɗe zaune a kujerar. Ashe shekara guda ina ƙara wa mutanen Damargu kaifin da kunnena ya rasa, suna kuka ina ba su shayi da bayani. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yammacin nan ba, domin abin da nake taƙama da shi ne ya tafi bai yi mini sallama ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Laraba na wuni a kan na ukun, mai gyara da kansa. Ba zan ɓoye muku ba, mafaka nake nema. Na ce in wannan zai riƙa yi mini aikin kunne, ba wanda zai sani har in yi ritaya. Na danna, ya yi ƴan lissafe-lissafensa, ya zana layi mai kyau, ya sauke gefen dama. A hoto na ga duk lokacin da wata ta rangaɗa guɗa sai ya danne ta, yana ɗaukarta kuskure ce, don waɗanda suka ƙera shi ba su san guɗa ba. Wannan na gani da ido. Amma sauran abin da ya yi, ya gyara ne ko ya ɓata, ba ni da hanyar sani. Na zama kamar wanda ya ba baƙo maƙullin gidansa ya tafi ƙauye.

Alhamis sai wata dabara ta zo mini. Na buɗe akwatin tsofaffin aikina, na ciro waƙoƙin da na haɗa a shekaruna na farko, lokacin da kunnena yana nan. Na riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya a cikin mai hoto ina kallon siffarsu, ina zana ta a takarda. Daga nan na ja waƙar matan Falanko har siffarta ta yi kama da tasu. Wuni guda ina zaune ina kwaikwayon wani saurayi mai suna Lawali, wanda ya fi ni iya aiki, kuma ba zan sake haɗuwa da shi ba. Hoton ya ce an yi daidai. Da na saurara sai na ji waƙar a dushe, ban ankara ba hannuna ya tafi da kansa zai ƙara kaifi, sai da na janye shi.

Da yamma na kira Hadiza da niyyar in gaya mata. Ta ba ni labarin kuɗin littattafan yara da rufin kicin da ke yoyo, na ce mata to, to. Ta tambaye ni ko lafiya, muryata wani iri. Na ce gajiya ce. Muka yi sallama.

Rapor ɗin ƙarya kuwa yana nan a shirye cikin kaina. Tsohon egalizar ya lalace, an sauya shi da sabo, matsala ta ƙare. Da na rubuta haka da ya wuce, domin waƙar da na ja da ido ba za ta tsikari kowa ba. Gaba kuma sai abin da hali ya yi. Juma'a da safe na ɗauki alƙalami na rubuta sunan tasha, na rubuta sunan fulogin na biyu, na iso layin dalili. Ina nan zaune sai direban motar Falanko ya yi sallama. Ya miƙo mini wata ƴar kwalba a ƙulle cikin tsumma, man shanu ne a ciki. Ya ce Inna Dije ta ce a ba ɗan nan na rediyo hannu da hannu, kada a ba kowa, ya san na mene ne. Direban ya tambaye ni ko na miya ne, na ce masa eh.

A ƙauye man shanu mai ɗumi ake ɗiga wa kunne in ya yi nauyi. Na san ba zai yi mini komi ba, ban ma ɗiga ba. Amma tsohuwar nan ta kwana uku da sirrina a bakinta, cikin mata takwas da direba mai surutu, ba ta furta ba, kuma ba ta manta da ni ba. Na riƙe kwalbar na yi kuka, ni da gemuna, a cikin situdiyo. Da na share ido sai na ga ba zan iya rubuta ƙaryar ba. Mace ta rufa mini asiri don mutunci, ni kuma in ɗauki rufin asirin in ci gaba da cutar masu saurare da shi, wannan bai yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A layin dalili na rubuta cewa na zaɓi wannan ne saboda shi ya nuna mini kunnena ya daina jin saman sauti, kuma tsohon egalizar ba shi da laifi.

Malam Isufu ya karanta sau biyu. Wannan karon bai taɓa takardun teburinsa ba.

"Tun yaushe, Malam Lawali?"

"Ban sani ba, shef. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan."

Ya ce dole ya kai wa kwamiti, ba zai iya ɓoyewa ba. Na ce na sani, shi ya sa na rubuta. Na roƙe shi abu guda, ya bar ni in ƙarasa waƙar matan Falanko da hannuna, amma ba da kunnena ba. Ya dube ni bai gane ba, na yi masa bayani, ya sa hannu a takardar izinin fita da ordinatar.

Washegari na bi mota zuwa Falanko. A tsakar gidan Inna Dije, ƙarƙashin rumfar kara, na ɗora ordinatar a kan turmi da aka kifa, na sa mata kaski. Na ce mata zan riƙa rage kaifin a hankali, in ya yi daidai ta ɗaga hannu. Na fara daga inda kunnena ke so, na rage. Ba ta motsa ba. Na ƙara ragewa, waƙar ta fara dushe mini. Ba ta motsa ba. Na ci gaba har na ji kamar matan sun shige cikin rumbu suna waƙa an rufe su, zuciyata tana cewa ka lalata aiki. A nan ta ɗaga hannu ta ce, "Nan. Yanzu mu ne."

Ba ta san lamba ko ɗaya ba, amma ta san waƙarta. Takan ce muryar Ta-Sallah, ɗaya daga ƴan amshi, ta shige bayan ƙwarya, sai in nemo inda ƙwaryar ta yi kauri a tsakiya in ɗan rage, ta ce yauwa ta fito. Takan ce amshin ya yi sanyi kamar ba su ci tuwo ba, sai in ɗaga musu ƙasa kaɗan. Guɗar kuwa ta ce kada in taɓa ta, haka Allah ya yi ta. Da muka gama kowace waƙa sai in zuba ta a kati, mu saka a ɗan rediyon gidan da kuma salular wata daga cikin matan, domin a irin waɗannan za a ji ta, ba a kaski mai tsada ba. Matan suka taru suna dariyar muryoyinsu. Da aka zo baitin da aka ambaci sunan ɗan wata da ya shekara huɗu a Libiya, uwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka gama waƙa huɗu kafin la'asar. Hannu nawa, kunne nata.

Ranar Lahadi aka watsa. Masu kira suka yi ta kira suna cewa rediyo ya warke, a gode wa teknisiyan. Ina zaune a bayan gilashi ina jin ana sa mini albarka.

Sauran labarin gajere ne. Na je Damagaram likita ya gwada ni da wata na'ura, ya zana mini hoton kunnena, gefen dama ya faɗi ƙasa a duka biyun. Ya ce shekarun gurup da ƙarar kaski ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya rage. A ranar na gaya wa Hadiza, ta ce ai ta daɗe da sani, jira take in sani. Kwamiti bai kore ni ba, sun yi mini mutunci. Bayan wata biyu aka kawo sabon teknisiyan ya karɓi haɗa sauti, ni kuma aka mayar da ni ɗakin injin watsa shirye-shirye da ajiyar tsofaffin kaset, can ƙarshen gini inda ba mai zuwa sai in wani abu ya ƙone. Wanda ya gaje ni ya iya aiki, ba ni da abin cewa. Amma na yi wata shida in zan wuce ƙofar situdiyo sai in kau da kai.

To ga amsar tambayarku. Egalizar kowanne ma zai yi, na kyautar nan mai hoto ya ishe ku aiki har ku tsufa, kada ku ɓata kwanaki kuna sauke wannan kuna goge wancan. Ku daidaita ƙara kafin ku yanke hukunci. Ku rage ƙarar kaski tun kuna da abin da za ku tsare. Kada ku fitar da aiki sai wani kunne da ba naku ba ya ji shi, kuma a irin abin da mutane ke saurare da shi. Aikinmu yana sa mutum ya zauna shi kaɗai a ɗaki rufe har ya ɗauka abin da yake ji shi duniya ke ji. Mutanen ƙasar nan kuwa ba sa barin gona da garke su zo ƙorafi a banza, kuma ba za su ce maka kai ne mai laifi ba, kunya ba za ta bar su ba. In sun yi magana sau biyu, ka fara binciken kanka kafin ka binciki inji.

Waƙoƙin matan Falanko har yau ana neman su a shirin gaishe-gaishe. In an saka su ina ɗakina na ƙarshen gini, nakan ajiye abin da nake yi in saurara. A dushe nake jin su, kamar daga bayan bango. Kowa ya ce su ne mafi kyawun aikin da na taɓa yi, ni ma na yarda da maganarsu, don ba ni da yadda zan yi in ji da kaina.